Ƙusar Inna Tumba

Ran Talata ni ke tsayawa gaban mata
a ɗakin awo na Mabera,
da farar riga, da abin gwada jini a hannu,
ina cewa ku ci ƙwai, ku ci hanta, ku ci zogale,
ba ruwan gwaiduwa da halin yaro.
Sukan dube ni duban mai tallar ruwa a bakin gulbi.

Yau ga shi ya zo kaina, wata na shida,
zane ya fara gardama da ƙugu.
Inna Tumba ta taso tun daga Kware
da ƙullin sabara da daddawa a leda,
ta miƙe ƙafa kan tabarma,
ta dubi cikin kafin ta dube ni.

"Wanga ya yi tsini, namiji na.
Kar ki ƙetare igiyar akuya, ɗiyata,
cibiya na naɗe wuya.
Kar ki zamna bisa turmi.
Rake da dabino ki bar ma masu azumi,
zaƙi shi ka tare hanya ran naƙuda.
In mai wasa da biri ya biyo, kauda ido.
Ƙwai ko, ko cikin mahwalki."

Na ce, Inna, har ƙwai?
Ta ce, "Ɓarawo kika so ki haihwa?"
Na ce, Bagudu ɗan Hajo da ya kwashe kajin unguwa,
uwarsa ko ɓawon ƙwai ba ta taɓa ba.
Ta ce, "Wanga gadon uba na."
Muka yi ta dariya har goro ya sarƙe ta.

Akwai dariyar da ba na iyawa.
Luba ta Rumbukawa,
ƙafafunta suka cika kamar salka,
kai yana sara, ido yana ganin taurari da rana tsaka.
Aka ce tagwaye ne, aka ce sanyi ne,
aka jiƙa saiwa, aka yi turare.
Da jijjiga ta kama ta aka ce mutanen ɓoye ne.
Sai bayan la'asar aka nemo mota.
Ni na riƙe hannunta har ya yi sanyi.
Yarinyar tana nan, aji biyu,
sunan uwar aka mayar mata.

Na ba Inna labarin. Ta yi shiru,
carbi a hannu, ba ta ja ba.
Can ta ce, "Sha ɗaya na haihwa, huɗu na bizne.
Babu mai farar riga tsakaninmu da gulbi.
Abin da munka iske shi munka riƙa."

Magariba ta kawo kai, zan fita sayen gawayi,
ta kwance bakin zane, ta ciro ƙusa,
tsohuwa, baƙa, ta sha hannu har ta yi santsi.
"Ƙulla ga gyalenki, iska ba ta son ƙarhe.
Da ita ni ka yawo sadda ina ɗauke da uwarki."

Na san abin da littafi ya ce,
na san Allah ke tsari.
Amma hannun da ya miƙo yana rawa,
kuma ƙusa ba ta kai tsoron tsohuwa nauyi ba.

Sai muka yi ciniki a kan tabarmar:
ni in ɗauki ƙusa, ita ta raka ni awo.
Ran Talata ta zauna layin gaba,
ta sa aka gwada nata jinin,
ta ce abin na matsa kamar mai bin bashi.

Da safe na dafa ƙwai biyu.
Ta juya baya tana duban bango,
ta ce, "In ya tashi da dogon hannu, ba ruwana."
Sannan ta miƙo nata hannun ta baya,
ta ce a barbaɗa mata yaji.